Salgar da Ba a Shiga

Wani ne a Illela, zamanin da Turawa suka kawo dokar salga. Aka yi shela: kowane gida a haƙa rami a sa masa murfi, in ya cika a binne a haƙa sabo. Aka naɗa wani Dabo duba-gari, yana bin gidaje da doguwar gora yana zurawa.

To shi mutumin nan gidansa a kan fako yake, ƙasa kamar dutse. Ga shi kuma malalaci, ko tsinke ya ɗauka sai ya nemi inuwa. Ya yi ta saran ƙasa da dagi yana tsine wa Nasara, har hannunsa ya sale, bayansa ya ƙage. Ranar da ya gama, da igiya aka jawo shi. Yana fitowa ya tara iyali.

Ya ce, "Kun ga ramin ga? Ba mai shiga nai."

Matarsa Zuwaira ta ce, "To don mi anka gina shi, maigida?"

"Don duba-gari. Ba ki ji shela ba? In ya cika sai a sake wani. Ni ko na gama da rami, sai wanda za a gina min ranar da nim mutu."

Ya sa ƙyaure ya ɗaure da igiya. Kullum ya share, ya yayyafa ruwa, ya sake ɗaurewa. Zuwaira da yara suka koma bin maƙwabta, har aka fara rufe gida in an hango su.

Ran nan sai ga Dabo. Ya buɗe murfi, ko ƙuda babu. Ya zura gora, ta fito da ƙura.

Ya ce, "Kai, ina kuka zuwa?"

"Ranka shi daɗe, mu gidan ga ba mu cika cin abinci ba."

Dabo ya dubi tumbin mutumin, ya ce, "Ranar da nik kama ka tsugune bayan gari, ka sha bulala gaban alƙali, kuma rami biyu za ka gina."

Rami biyu! Hankalin mutumin ya tashi. Ya yi ta saƙa da warwara, can ya tuna Illela a bakin iyaka take, ikon Dabo kuma nan ya ƙare. Shi ke nan. Kullum da sassafe sai ya cusa buta cikin riga don kada a gani, ya tsallaka ƙasar Faransi, ya gama, ya binne tsaf, ya dawo.

Ashe ɗan duwan, mai gadin iyakar Faransi, yana kallo. Mutum ya shigo da gudu-gudu, riga a kumbure, yana waige-waige, ya faɗa cikin sabara, ya fito yana taƙama har da waƙa? Ya ce a ransa wannan babban ɗan fasa-ƙwauri ne, ko goro ko albarushi.

Wata safiya ya laɓe. Mutumin na cikin tura ƙasa, ɗan duwan ya yi wuf ya fito da bindiga.

"Tsaya nan! Mi ka binne?"

"Wallahi ba komi, ranka shi daɗe."

"Kullum ba komi? Daga ina kaka kawo shi?"

"Daga gida."

"Wa ka aiko ka?"

"Ba mai aiko ni, shi ka matsa min."

Ɗan duwan ya buga ƙirji ya ce, "To saurara. Na ƙwace! Da na yau da na baya, duk sun zama na gwamnatin Faransi. In ka sake kawowa, hannuna za ka ba."

Ya jingine bindiga, ya naɗe hannun riga, ya durƙusa yana tona da hannu biyu don ɗoki. Sai ya tsaya cak. Ya dubi hannunsa, ya dubi mutumin.

Mutumin ya russuna cikin ladabi ya ce, "Allah shi saka da alheri. To na gobe, nan za ni aje ma, ko bariki za ni kawo?"