Littattafan Da Ke Jiran Almakashi

Jama'a, ku yi mini uzuri idan rubutun yau ya zo muku a karkace. A kishingiɗe nake yin sa, da filo a ƙugu, uwargida kuma ta shafe mini baya da wani man zafi mai warin da ya kori har kyanwar maƙwabta. Ba faɗuwa na yi ba, ba kuma dambe na shiga ba. Ilimi na ɗauka. A ka na ɗauke shi, kwali bayan kwali, a makarantar su Auta, kuma ko harafi ɗaya bai ratsa hulata ya shiga ciki ba.

Bari in faro muku daga tushe. Auta ita ce ƙaramar 'yata, shekarunta biyar, tana ajin share fage, wato inda ake zama kafin a shiga aji ɗaya. A ƙarshen zangon nan za a ajiye wa kowane yaro littafi a gabansa. Wanda ya karanta ya wuce, wanda ya kasa ya maimaita shekara tare da ƙannen bayansa masu majina. Auta ta san da wannan, domin babbar ƙawarta, 'yar maƙwabcina tela, ba ta barin ta manta. Ni ma na sani, shi ya sa kwanan nan abinci ba ya yi mini daɗi.

A zamaninmu karatu waƙa ce. Malam ya nuna allo da bulala, mu kuma mu rera sunayen baƙaƙe daga na farko har na ƙarshe, sai maƙogwaro ya bushe. Wanda ya fi kowa ƙarfin murya shi ne haziƙin aji. To bara sai manyanmu, Allah ya ƙara musu lafiya da kujerun jirgi masu laushi, suka tafi taron ƙara wa juna sani a wani otal mai nisa, suka dawo mana da albishir. An daina kiran harafi da sunansa, yanzu da sautinsa ake kiran sa. Yaro ya koyi sautin kowane ɗaya, sannan ya riƙa haɗa su har kalma ta fito. Su suna ce wa tsarin foniks. Mu iyaye a unguwa mun sa masa suna karatun gurnani.

Tun daga lokacin gidana ya koma gidan namun daji. Gari na wayewa Auta za ta fara "zzz, zzz" tana kaɗa yatsa a gefen kunne, wai sauro. An jima kuma "fff", wai iskar taya ce ke fita. Rannan ina tsakiyar shan shayi ta lallaɓo ta bayana ta saki wani dogon "sss", ban san sanda na tsallake kujera ina neman sanda ba.

"Baban Auta, dawo ka zauna," in ji uwarta, tana dariya har da riƙe ciki. "Karatu take yi."

"Wannan ne karatun? To yaushe za ta fara irin na mutane?"

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi shi ne tela. Duk sanda na leƙa shagonsa sai ya dakatar da keke ya tura tabarau goshi, ya fara.

"Maƙwabci, ya jikar macizai? Ni tawa ta sauke littafi guda, daga bango zuwa bango."

"Wane littafi?"

"Wani tsoho na yayanta. Ta iya shi har ba sai ta buɗe ba. Jiya yana cikin jaka ta karanta mini shi tas."

Na ce masa wannan baiwa ce, Allah ya raya. Amma da na dawo gida na dubi Auta tana ta "mmm" ga kwanon abinci, sai zuciyata ta karye. Ita ko haddar ba ta da ita, sai kukan dabbobi.

Na shirya na tafi makaranta da faɗana a baki. Malamarsu, wata baiwar Allah da muryarta ta dishe saboda yara sun cika mata aji har bakin taga, ta saurare ni har na gama.

"Baban Auta, ka kwantar da hankalinka, tsarin ba shi da laifi," in ji ta. "'Yarka ta san sautukanta. Abin da ya rage ta riƙe littafi a hannunta, irin ƙananan nan da aka rubuta don masu fara haɗa sauti, ta yi ta gwadawa. Ina rubuta musu a allo, amma wanda ke baya ko allon ba ya hange."

"To ina littattafan, Malama?"

Da baki ta nuna mini wata ƙofa a ƙarshen baranda, mai kwado kamar na gidan yari. Ashe tun farkon shekara littattafan suka iso, suna can ciki a jere har rufi.

"Me ya hana a buɗe?"

"Ba a ƙaddamar ba."

Jama'a, ku ji hikima irin ta manya. Ni da nake ganin littafi buɗe shi kawai ake yi a karanta, ashe jahilci ke ɗawainiya da ni. Littafi ba ya nuna sai an ɗaura masa jan ƙyalle, Mai Girma Sarkin Almakashi ya zo da kansa ya yanke, an tafa, an ɗauki hoto. Idan yaro ya karanta ɗanyen littafin da ba a ƙaddamar ba, wa ya san irin ciwon cikin da zai kama shi? Gara a kare mana lafiyar 'ya'yanmu. An sa rana an ɗage saboda Mai Girma ya yi tafiya. An sake sawa an ɗage saboda ya dawo a gajiye. An kuma ɗagewa saboda mai hoto ya yi baƙi. Muna ta godiya, zango kuma yana ta ƙarewa.

Sai jiya da yamma Auta ta dawo da saƙo: gobe Mai Girma na tafe, ana gayyatar iyaye su zo da hannuwansu. Na ɗauko rigata ta fita kunya na goge ta da kaina.

Da na isa yau da safe sai da na koma baya na sake duba ƙofa, don na zaci na yi ɓatan kai. An shafe bangon gaba da fenti, daidai iya inda idon mai wucewa a mota zai kai. An jera tukwanen furanni na aro, wata ma da sunan mai ita a jiki. A tsakiyar fili ga tebur, ga kwali ɗaya a kai sanye da jan ƙyalle. An jera yara cikin rana, an wanke su fes, 'yar tela ce a sahun gaba. Na bi sahu-sahu da ido ban ga Auta ba.

"Ƙila tana baya," in ji tela, yana gyara zama. "Ka san gaba sai masu kai."

Muka zauna. Rana ta hau tsakiyar ka, ta fara gangarawa. Wani yaro ya yi barci a tsaye, aka tashe shi. Can sai jiniya, sai motoci, sai ga Mai Girma ya fito da tawagarsa: mai riƙe masa laima, mai riƙe masa waya, mai riƙe masa almakashi a kan faranti, da wani da ban gane aikinsa ba sai dai duk abin da aka faɗa shi ke fara gyaɗa kai. 'Yar tela ta fito da takarda ta karanta jawabin maraba idonta na kan jirgin da ke wucewa a sama. Mai Girma ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce daga yau babu sauran yaron da bai iya karatu ba a faɗin yankin nan. Muka tafa, ni har da tashi tsaye, don ban taɓa ganin an magance matsala da sauri haka ba. Ya yanke ƙyalle, ya zaro littafi ɗaya ya ɗora a hannun wani yaro, aka haska hoto, aka karɓe.

Ana cikin haka shugaban makaranta ya kamo hannuna. "Baban Auta, kai da na ga kana da ƙira, zo ka taimaka a fito da sauran kwalayen."

Na bi shi da rawar jiki, a zatona azuzuwa za mu kai. Wani akawu daga cikin tawagar ya karɓi makulli a hannunsa ya buɗe kwadon, na tura ƙofa.

A nan na ga 'yata. Ita da wasu yara, a ƙasa, cikin zafi, tsakanin kwalaye. Ashe al'adar makarantar ke nan duk ranar da babban baƙo zai zo: a tsince yaran da ake tsoron kada ya nuna su ya ce su karanta, a adana su inda ido ba ya kaiwa har ya tafi. Yau ba a sami wurin da ya fi ɗakin ajiya ba. Wallahi raina ya ɓaci. Na buɗe baki zan yi magana, sai na lura babu yaron da ya ko ɗago kai ya dube mu.

Zaman shiru ya ishe su, sun farke kwali ɗaya. Kowa da littafi a cinya. Auta ta dafa yatsa a kan shafi, ta haɗe gira, bakinta na motsi.

"K... a... ka. Zzz... a... za. Ka... za." Ta tsaya. Ta sake maimaitawa da sauri. Sai ta zabura. "Kaza! Baba, kaza ce! Ba wanda ya gaya mini, ni na faɗa!"

Na durƙusa kusa da ita, rigar fita kunya ta sha ƙura ban damu ba. Ta matsar da yatsa. "T... a... ta. G... a... ga. Kaza ta ga..." Rubutun shafin ya ƙare a nan, sauran yana bayan takarda. Ni da na shekara ina yi wa gurnanin nan ba'a, sai ga ni ina share ido da hannun riga. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, ko ranar da aka haife ta.

Ta lashi yatsa za ta juya shafi, sai hannun akawu ya sauko ya zare littafin.

"Kai, kai, kai! Wa ya ba ku izini? Ku kawo, ku kawo duka."

"Malam, bar ta ta juya shafin mana," na ce. "Ai an ƙaddamar."

"An ƙaddamar a nan. Saura makarantar gaba, suna can suna jiran mu tun safe."

"Da waɗannan littattafan?"

"To da waɗanne? Su ke nan gare mu. Kowace makaranta sai an ƙaddamar mata, ba ma nuna bambanci."

"Ashe ba namu ba ne? Shekara guda suna nan!"

Ya dube ni da tausayi. "Naku ne mana, ba ga hoto an ɗauka ba? An ajiye su a nan ne don ɗakinku ne kaɗai ba ya yoyo. Idan an gama zagaye za a kafa kwamitin da zai duba yadda za a raba."

Malama ta iso tana haki, ta roƙe shi ya bar ko da kwalin da aka riga aka farke. Ya ce shi ma ɗan aike ne, kuma idan aka ga giɓi shi za a tambaya. Na yi niyyar zura ɗaya a aljihu, amma wasu ƙarti biyu masu baƙin tabarau suka tsaya a bakin ƙofa suna kallon hannuna kamar sun san abin da ke raina. Haka na sunkuya aka ɗora mini. Na yi ta jigila daga ɗaki zuwa bayan wata farar mota, 'yata na tsaye a baranda tana bin kowane kwali da ido. Da muka gama, mai gyaɗa kai ya yaba mana da kishin ilimi.

A hanyar gida hannun Auta na cikin nawa. Da muka kusa kwanar gidanmu sai ta ɗago kai ta dube ni.

"Baba, an ce mu ne marasa kai, mu yi shiru kada baƙo ya ji mu. Marar kai yana karanta kaza?"

"Ba ya karantawa, Auta."

"To me kazar ta gani?"

Na ce hatsi ta gani. Ta girgiza kai. Na ce shaho. Ta ce ai ban duba ba, ƙirƙira nake yi. Uwarta ta gwada nata, ita ma aka kore ta. Tela ya aiko 'yarsa ta zo ta taimaka, amma babu kaza a cikin haddarta. Tun ɗazu Auta ke bin gidan nan tana karanta duk abin da ke da rubutu, kwalin ashana, ledar sabulu, har gindin bokiti, ko za ta ci karo da sauran labarin. Ranar gwaji ban san me za a ajiye mata a gaba ba, amma na san yanzu ba kanta ne matsalar ba.

Saboda haka ina da roƙo, ya ku masu karatu. Idan aka ce muku gobe Mai Girma na tafe makarantar 'ya'yanku, ku sammaka. Ku nemi ƙaramin littafi mai kaza a shafin farko, ku juya shafi ɗaya tak, ku kwafo abin da ke wurin da manyan baƙaƙe ku aiko. Kada ku faɗa mini da baki, mai abin ta ce ba ta son a gaya mata, da kanta za ta karanta. Sai dai ku yi a ɓoye, kuma ku yi kafin a yanke ƙyalle, don da zarar an buɗe wa jama'a littafi a hukumance, ba a sake barin kowa ya taɓa shi.