Ranar da Na Zama Lauyan Tururuwa

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na zama lauyan tururuwa ba. Shekarar farin nan ce da gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, lokacin soja ke riƙe da ƙasa, aka turo ni Matameye koyarwa. Sabon mushen lekol, wato malamin makarantar boko, ɗan Damagaram, wandona biyu, girman kai kuwa buhu guda.

Katangarmu ɗaya da Inna Rabi. Mijinta ya tafi Kano ci-rani, shiru babu labari. 'Yarta Habsu tana ajina, kuma ita ce ta ɗaya a komai. Kullum da safe sai ta kawo mini ƙwaryar kunu, ta ce in ji Inna a ba baƙo. Kunun yana da ɗan yashi-yashi da ƙamshin ciyawa, ni kuwa sai in shanye in ce a gaishe ta. Ban taɓa tambayar kaina inda mace mai 'ya'ya huɗu take samun tsaba ba, a garin da magidanta ke wuni a layi gaban ofishin kwamanda don tiya ɗaya ta jar dawar taimako. (Na ce muku ina da boko, ban ce ina da hankali ba.)

Wata rana na tsinci wani ɗan littafin Faransanci a akwatin lekol, wanda ƙwari ke ba da labari da bakinsu. Zuma ta ba da nata, gara ta ba da nata, amma na tururuwa ne ya kama ni. Tana faɗin yadda suka yi damina guda suna jan ƙwaya ɗaya-ɗaya zuwa rumbunsu na ƙarƙashin ƙasa, sai wani ƙaton dodo ya zo da ƙarfe ya fasa rufin, ya kwashe abincin, ya bar 'ya'yansu a rana. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Ranar Juma'a na shiga aji da littafin. Don daɗin ya ratsa su har na ɗage dokar hana Hausa, na fassara musu da kaina, ina ƙanƙance murya, ina rarrafe gaban allo. Ajin ya yi tsit. Na ɗauka iya baki ne ya kashe musu jiki, sai na ƙara gishiri.

"Ku gaya mini, wane mara imani ne zai fasa rumbun bayin Allah? Ai wannan ɓarawo ne!"

Babu wanda ya ɗaga kai. Na rubuta a allo cewa mai tona gidan tururuwa ɓarawo ne, na ce Habsu ta tashi ta karanta. Ta tashi, ta ƙi buɗe baki. Na maimaita. Har bulala na ɗauko (kaico, ni ɗin nan mai tausayin ƙwari).

"Mushe," ta ce, "Innata ba ɓarauniya ba ce. Kunun da kake sha ma daga can yake."

Ta fita da gudu, ta bar littafin rubutunta a kan benci. Ni kuwa ina tsaye da bulala a hannu, gwiwoyin wandona duk ƙurar rarrafe. Ashe Inna Rabi sammako take yi da fartanya, ta yi nisa ta hanyar garin Kance don kada a gan ta, ta tona gidajen tururuwa, ta sheƙe tsabar ciyawar da ta samu. Asirin da ta yi wata uku tana rufawa, na sa 'yarta ta tona shi gaban aji guda. Kafin la'asar yara na kiran Habsu 'yar tururuwa.

Washegari Inna Rabi da kanta ta yi sallama, da ƙwaryar a hannu.

"Mushe, ga kununka. Yau sau biyu na tace."

"Inna, ki yafe mini. Don Allah ki bar Habsu ta dawo."

"Ba ni na hana ta ba, ta ce ba za ta iya shiga ajin ba. Jibi ma za mu tsallaka Kano neman babansu, zaman ya ishe ni." Ta miƙo mini ƙwaryar. "Su tururuwan naka ma ba na kwashe musu duka, ina rage musu. Sha, kada ya huce."

Na shanye a gabanta, hawaye na ɗiga cikin ƙwaryar. Habsu ba ta sake taka lekol ba, littafin rubutunta har yau yana akwatina.

Na ci gaba da karanta labaran ƙwari, ban fasa ba. Amma yanzu kafin in yi wa wani kuka a cikin littafi, sai na fara tambayar daga ina karin kumallona ya fito.