Kunnen Lowell da Tukunyar Marlys

A duk faɗin garin Duluth babu kunne irin na Lowell Brandvold, kuma mai shakka ya je ya tambayi Lowell ɗin. Sauran jama'a jin kiɗa suke yi. Shi kuwa, in ji shi, ganinsa yake yi. Tun da ya yi ritaya daga sayar da inshora ya tare a ɗakin ƙasa na gidansa, ya naɗa kansa shugaban Ƙungiyar Masu Sauraro, ƙungiya mai mutum uku har da shi. 'Yan unguwa suka laƙaba masa Sarkin Kunne, ya karɓi sarautar hannu bibbiyu, bai ko tambaya ko da gatse ake yi ba.

Abin tinƙahonsa wasu lasifikoki ne guda biyu, kowace ta kai firji tsawo, waɗanda yake kira Tagwaye. A gabansu kujera ɗaya tak, tasa. Na'urar da ke ba Tagwaye ƙarfi tana da 'yar fitila mai nuna tana kunne, amma Sarki ya liƙe ta da baƙin salatif, domin a iliminsa haske yana raba hankalin kunne.

Matarsa Marlys ba ta nemi abu mai yawa ba. Doguwar kujera take so a ɗakin, inda jikoki za su baje su kalli fim ranar Lahadi, sai dai Tagwaye sun cinye wurin. Ta sayo kayan kallo na hannu a wajen maƙwabciya: akwatin sarrafa sauti, 'yar lasifika ta ƙarƙashin talabijin, da wasu ƙanana biyu na bayan ɗaki.

"Waɗannan ma sun isa, Lowell," ta ce. "Ka kai dogayen nan gareji."

Sarki ya dafe ƙirji. "Marlys, gwangwanayen nan naki ne za su isa? To ki saurara. Duk ranar da kunnen nan ya kasa bambance Tagwaye da su, ki sayar da Tagwaye a ƙofar gida, ni zan riƙe miki tebur."

"Na ji," in ji Marlys. Mace ce da ba ta mantuwa.

Ya kwashe lokacin sanyi yana rarrafe a bayan talabijin da tocila a baki, har ya haɗa kayan biyu wuri ɗaya. Akwatin Marlys zai kula da gwangwanaye, ya kuma miƙa babban aikin ga na'urarsa, ita ta ba Tagwaye. Ya kira wannan sulhu, ko da yake doguwar kujera ba ta samu shiga ba. A coci ma sai da ya tsare fasto da bayanin wayoyin lasifika, har bawan Allah ya tuna ana jiransa.

Ranar Asabar da rana ya gayyaci mabiyansa, Duane da Arvid, su shaida. Yana cikin auna tazarar kujerarsa Marlys ta sauko da tukunyar lantarki cike da dunƙulen nama.

"Ina zan jona wannan? Duk soket ɗin a cike suke."

"Ko'ina, Marlys, ko'ina," ya ce bai ko waiwayo ba. "Kada ki katse min lissafi."

Baƙi suka iso, aka kashe fitila, aka sa faifan wani taron kaɗe-kaɗe. Sarki ya hau kujerarsa ya lumshe ido. Duane da Arvid suka tsaya a bayansa, don kujera ɗaya ce.

"Kun ji?" ya ce, yana nuna Tagwaye ta hagu. "Mai gogen nan a can yake, dab da bango. Kuma yau yana fama da mura, ina jin numfashinsa."

"Ƙwarai kuwa," in ji Duane, wanda ya bar na'urar da ke taimaka masa ji a mota.

"Arvid, ka ji faɗin ganga? Gwangwani ba ya haka. Wannan aikin Tagwaye ne. Shekarun da na yi da su ba su taɓa buɗe murya kamar yau ba."

Arvid ya gyaɗa kai da ƙarfi, amma hancinsa na wajen nama.

Abin ya ratsa Sarki har ya share ƙwalla. Ya ƙwala wa matarsa kira ta zo ta ji da kunnenta. Marlys ta sauko da faranti da burodi, ta tsaya ta saurara.

"Da daɗi kam," ta ce. "Ka tabbata dogayen ne?"

"Ki ji ta! Ai ko a kabari aka sa min zan gane su."

"To madalla. Duane, Arvid, kun ji shi ko?" Ta kunna fitila, ta sunkuya ta zare filogin tukunyarta, ta ɗago wata ƙatuwar baƙar waya da ke yashe a ƙasa. "Nama ya nuna, bari in mayar maka da wannan. Ita na cire ɗazu, da ka ce ko'ina."

Kiɗa bai tsaya ba. Mai goge ya ci gaba da murarsa daga 'yar lasifikar da ke ƙarƙashin talabijin. Lowell ya bi wayar da ido har inda ta ƙare, a bayan na'urarsa. Ya taɓa na'urar, sanyi ƙalau. Ya ɓare salatif, fitila a mace. Gaskiya ya zama abin tausayi a nan, amma ba sosai ba.

"Dama na ji kamar akwai wani abu..." ya fara.

"Mura," in ji Arvid, baki cike da nama.

Asabar ta gaba aka ga Sarkin Kunne a ƙofar gida yana riƙe da tebur, Tagwaye a gefensa. Wani mai wucewa ya tsaya ya tambaye shi ko suna da sauti mai kyau. Lowell ya buɗe baki zai fara lacca, sai Marlys ta leƙo ta taga.

"Sosai ma, malam," ta ce. "Ko ba a kunna ba."