Rakiyar Mushe Rene

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka wani tsoho har bakin tukunyar matarsa ba. Dahome ba ta daɗe da samun 'yanci ba aka tura ni Faransa koyon kiwon shanu na zamani. Ni ɗan mahauci daga unguwar Gema a garin Paraku, na riga na cika unguwa da labarin za ni Pari, babban birninsu. Sai ga ni a wani ƙauye da shanunsa suka fi mutanensa yawa, suka kuma fi su amsa gaisuwa. Kowa ƙofa a rufe, sai labulen taga ke motsi in ka wuce.

Kafin in tashi, gargaɗi ɗaya babana ya yi mini: "Kai ɗan gidan nama ne. Kada in ji an ce ka yi kwaɗayi a gidan mutane."

Wata Lahadi da hantsi, Mushe Rene (Mushe shi ne "Malam" a Faransanci), manomin da nake aiki a garkensa, ya leƙo ɗakina ya duba murhu. Baƙona na farko ke nan! Da ya tashi tafiya sai na zura silifa na bi shi, don baƙo ba ya fita shi kaɗai. (Kawuna na garin Jugu kan raka mutum har tuwonsa ya huce.) A wurinmu kuwa baƙo ne ke sallamar mai rakiya: "Koma haka, na gode." To, ba wanda ya koya wa Mushe Rene nasa rabon aikin.

Muka wuce coci, yana satar kallona. Muka wuce maƙabarta, na rage sauri ina jiran sallama, shi ma ya rage don kada ya bar ni a baya. Sanyi na cin yatsun ƙafata, amma tarbiyya ta hana ni juyawa. Ya buɗe ƙofar gidansa ya tsaya, na tsaya. Ya ɗaga kafaɗa ya nuna mini ciki. Na shiga (in ce me?).

Iyali sun kewaye tebur, har da surukai. Madam ta dube ni, ta dubi mijinta.

"Gayyato shi ka yi?"

"Biyo ni ya yi."

"Ayya, yunwa ce. Can ƙasarsu ba sa ganin nama."

Ni! Ni da aka yaye da romon ƙashi! Ta cika faranti ta turo gabana, ashe alade ne. Na ce mersi, wato na gode, ba na ci. Shi ke nan, na zama mayunwaci mai zaɓe. Na zauna ina gaigayar gayan burodi, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Labari bai kwana ba. Ƙofofin da ba a taɓa buɗe mini ba suka buɗe, har na bar ƙauyen, tsofaffin mata na ajiye mini ragowar miya a bakin ɗaki.

Na dai koyi cewa kafin ka raka mutum, ka tabbata ya iya sallama. Tun da na dawo, duk wanda ya taso raka ni, tun a zaure nake ce masa "Koma haka!" 'Yan Gema na cewa Faransa ta ɓata ni. Babana kuwa har ya rasu yana alfahari ɗansa bai zubar masa da mutunci a ƙasar Turawa ba. Ni ma ban ga dalilin gyara masa ba.