Sirrina na Noman Laimar Kwaɗi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tafi Kiyawa da sunan gwani ba. Wata huɗu kacal na yi ina noman laimar kwaɗi irin wadda ake ci a ɗakin bayan gidanmu a Dutse, amma har na fara jin kaina (girbi biyu fa na yi). Sai ƙungiyar mata manoma ta gayyace ni in koya musu.

Ka'idar aikin ita ce a turara ƙaiƙayin shinkafa a durom, zafi ya kashe duk abin da ke ciki, sannan a zuba shi a leda tare da iri a ɗaure. To ni ɗan manomi ne, zuciyata ta ƙi yarda shuka za ta yi kyau babu taki. Sai na riƙa barbaɗa ƙasar lambu a ledojina bayan turarawa. Har waya na yi wa matan, na ce kowacce ta zo da ƙasa cikin kwano.

Na tarar sun gama turara nasu, ga irinsu, wanda ba su da wani bayansa. Na yi jawabi son raina, sannan na kwance ledata mai ƙasa da na zo da ita (mako biyu ban duba ta ba). Wani ɗoyi ya tashi. Farin zaren da ke haifar da laimar ya koma baƙi, ya jiƙe sharkaf.

Shugabar ƙungiyar, wata Hajiya da ta daɗe tana koyar da aikin gona, ta leƙa ta ce, "Malam, me ka zuba a nan?"

Na faɗa mata a hankali.

Ta ce, "Akwai wata tsutsa a ƙasa, ido ba ya ganinta. Bakinta kamar allura, da shi take huda zaren nan ta tsotse shi, ta hayayyafa. Wuta ta kore maka ita, kai kuma ka je ka ɗebo ta da hannunka."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata tsohuwa ta ɗaga kwanonta: "Ɗan nan, wannan fa?"

Na ce, "Inna, a kai wa tumatir."

Aka fashe da dariya. Ni kuwa hamdala nake ta yi a zuci, don ba wadda ta riga ta zuba. Kunya na sha, amma irinsu ya tsira.

Yanzu duk dabarar da ta faɗo mini, sai na fara shinshina ta a gida kafin in kai wa jama'a.