Gwaggo Ta Daina Jan Ruwa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta tumbatsa, injiniyan tashar janye ruwan sama ta unguwar gangare yana sanar da 'yan uwa, abokan aiki, da duk wanda ya taɓa zama a busasshen ɗaki da damina, rasuwar babbar na'urar tura ruwa ta tashar, wadda kowa ya sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da la'asar, a bakin aikinta, tana da shekara ashirin da uku.

Tashar nan ita ce zanen farko da injiniyan ya yi a rayuwarsa, tun gemunsa bai gama fitowa ba. Shi ya auna gangaren da ƙafarsa, ya tono lissafin ruwan sama na shekara talatin, ya gano cewa duk ruwan da ke saukowa kan gidaje ɗari huɗu sai an tara shi a rijiya guda, a ɗaga shi sama mita bakwai, kafin ya faɗa babbar magudana. Ya yi wata biyu yana neman wadda za ta iya wannan ɗawainiya. Ranar da aka sauke marigayiya a mazauninta, da hannun rigarsa ya goge mata ƙura.

Gwaggo ba ta taɓa raina abin da aka ba ta ba. Ta haɗiyi leda, ta haɗiyi silifas ƙafa ɗaya ɗaya, da kan 'yar tsana, da ƙafar kujerar roba. Shekarar da aka cire ragar tace shara don gyara, har haƙoran roba aka ciro daga cikinta, waɗanda mai su bai zo nema ba har yau. Muryarta kuwa babu wanda bai haddace ba. Takan fara da "ƙyas", ta yi gyaran murya "gurrr", sannan ta saki "wuuuu" mai tsawo. Da zarar matan unguwa sun ji wannan, sai su fasa ɗora katifu kan tebur, su koma ga girkinsu. Aibinta biyu ne, kuma injiniyan ba zai ɓoye su ba: tana ɗan yoyon mai, kuma idan aka tashe ta babu ruwa a rijiya takan yi ihun da ake ji daga bakin titi.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Da hantsin Talata aka kece da ruwa irin wanda ba a gani ba tun kafa tashar. Gwaggo ta tashi lafiya ƙalau. Wajen sha ɗaya sai muryarta ta sauya, "wuuuu" ta koma "ƙyar-ƙyar-gwaf", jikinta ya yi zafi har ba a iya ɗora hannu. Bakaniken tashar ya ce a kashe ta ta huta, ko da minti goma ne. Injiniyan ya leƙa ta taga. Ruwa ya riga ya kai dokin ƙofar tela, wanda shagonsa ne na ƙarshe a gangaren, telan na tsaye kan benci rungume da kan kekensa. Idan aka kashe ta, bayan shagon tela gidajen mutane ne. Injiniyan ya dafa ta duk da zafin jikinta, ya ce, "Ki yi haƙuri, Gwaggo." Bai kashe ta ba.

Awa biyar ta yi tana ja a shaƙe. Ruwan bai haura dokin ƙofar ba. Da sama ta ɗauke, ta yi "gwaf" sau biyu, ta saki ɗan hayaƙi mai ƙauri, ta yi shiru.

A nan ne injiniyan ya fito gaban jama'ar da suka taru, idanunsa jajur, ya rantse sai ya gano wanda ya jefa abin da ya shaƙe ta, ko da limamin unguwa ne. Ya ce shekara ashirin da uku yana roƙo a daina mayar da magudana juji. Mutane suka sunkuyar da kai, domin kowa yana da abin da ya taɓa jefawa.

Washegari aka buɗe cikinta a gaban shaidu. Bakanike ya zura hannu har kafaɗa, ya jawo wani abu ruwan ɗorawa da ya nannaɗe fukafukanta. Ya yi ta jawowa har ya fito duka. Rigar ruwa ce. Ya shimfiɗa ta a ƙasa, a bayanta an rubuta BABBAN INJINIYA da manyan baƙaƙe.

Sai a lokacin mai ita ya tuna cewa da safiyar Talata ya rataye ta a ƙarfen bakin rijiya, ta cikin raga, inda sharar unguwa ba ta isa, don ya amsa waya. Da maiɗakinsa ta tambaye shi rigar da yamma, ce mata ya yi tana mota.

Bakanike ya dubi rigar, ya dubi maigidansa, ya rage murya. "Yallaɓai, me zan rubuta a rahoto?"

"Rubuta gaskiya."

"To, kwana ne ya ƙare."

"Na ce gaskiya."

"Ai ita na faɗa, yallaɓai. Rigar sanadi ce kawai."

Tela ne ya fara matsowa ya riƙe hannun injiniyan, ya ce duk mai rai yana mantuwa, shi ma ya taɓa ɗinke aljihun mutum da almakashi a ciki. Injiniyan yana amfani da wannan dama ya janye rantsuwarsa, kuma yana neman afuwar liman.

Marigayiya ta bar ƙanwa guda, Lamba Biyu, wadda aka ajiye a gefenta don irin wannan rana, amma ta shekara tara ba ta motsa ba, kuma da aka taɓa ta jiya atishawa kawai ta yi. Ta bar janareta mai ciwon ƙirji, da bututu mai tsawon mita ɗari biyu, da wani ƙwallo da ke shawagi a rijiya, wanda aikinsa shi ne ya tashe ta idan ruwa ya hau. Ba a samu wanda zai iya gaya masa rasuwar ba. Har yanzu yana hawa yana sauka, yana kiranta.

Za a ɗaga gawar da ƙugiya ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, a kwantar da ita a harabar tashar, gindin katanga, a lulluɓe ta da tamfol. Ana buƙatar maza shida masu ƙwarin baya. Ana roƙon masu sayen tsohon ƙarfe, waɗanda aka ga biyu daga cikinsu suna zagaye ƙofa tun jiya suna auna ta da ido, su bari a share hawaye tukuna. Injiniyan zai karɓi gaisuwa a ɗakin injin har zuwa azahar. Babu kujeru, kuma a kula da man da ke ƙasa.

Wadda za ta gaje ta ba za ta iso ba sai bayan mako shida, damina kuwa yanzu ta kai tsakiya. Saboda haka idan aka wayi gari Alhamis da hadari a gabas, an ɗage jana'izar, amma duk da haka ana son kowa ya hallara a kan lokaci, ya zo da bokiti.