Rimot Ɗin da Na Kai wa Baffa

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a unguwar Barunde ba, ko da kuwa ina son mantawar. Lokacin ina neman Hauwa, mahaifinta Baffa Jauro kuma bai ce in turo manyana ba tukuna. Dattijo ne mai kunya, ko dariya zai yi sai ya rufe baki. Ni kuwa duk na ƙosa in burge shi.

Da Hauwa ta ce rimot uku na wahalar da shi, na talabijin da na dikoda da na sifika, sai na garzaya shagon Oga Emeka na sayi irin wanda ke sarrafa kowace na'ura. Ya ce, "Aboki, kawo in saita maka mana." Na ce ai ni ɗan hannu ne (ƙarya nake, bidiyo biyu kawai na kalla a waya).

Hauwa ta turo min lambobin na'urorinsu, na yi kwana biyu ina cusa su. Har makro na haɗa, wato ka danna maɓalli guda ya kunna komai, ya kai ka tashar wa'azi, ya ɗaga murya. Lambar tashar a dikodata na duba. Da yake sifikata ta tsufa, sai na sa ya ƙara murya sau ashirin.

Bayan an sauko masallaci na tarar da Baffa a falo tare da limamin unguwa da abokansa biyu. Na durƙusa na gaishe su, na yi bayani kamar mai lacca. Batirin sabon rimot ɗin ya yi sanyi saboda yawan gwaji, don haka na kwashe na tsofaffin rimot ɗin na zuba.

Baffa ya yi bisimilla ya danna.

Ashe a dikodarsu wannan lambar ta tashar kiɗa ce. Sai ga 'yan mata suna tiƙar rawa, kayan jikinsu ba su kai hankici ba, murya kuma tana ta hawa har tagogi na rawa. Na fizgi rimot ina dannawa, ya ƙi ji, don sai ya gama aikinsa yake sauraron mutum. Tsofaffin kuwa ni da kaina na kashe su. Liman ya juya fuska bango yana salati. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Baffa ya tashi a hankali ya zare waya daga soket. "Useko, ɗana, an gode," shi ne abin da ya ce, bai ko kalle ni ba.

Mako guda na kasa kiran Hauwa, na riga na cire rai. Sai ga saƙonta: "Baffa ya ce ka turo manyanka. Amma ya ce don Allah in za ka zo gaisuwa, ka riƙa zuwa hannu rabbana."

Yanzu 'ya'yanmu biyu. Na koyi cewa a gidan surukai gaisuwa ta isa, ko fanka na gani a kashe ba na taɓawa.